Inna, Na Yi wa Kifinmu Kuɗi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, a durƙushe, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imar makwanci. Ni ce Rabi, ɗiyarki ta fari. Na san ba ki yi karatun boko ba, na kuma san inda kike ba a kai takarda, amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ke ya kamata ki fara jin ta. Takwararki, ɗiyata da muke kira Ummi, ita ta matsa mini in rubuta in sa a shafina, wai ko wata za ta ƙaru. To masu leƙen takardar mutane, sannunku da zuwa, ku samu wuri ku zauna, amma da uwata nake magana.

Inna, na yi abin da ba ki taɓa yi ba. Na buɗe baki na yi wa kifinmu kuɗi, kuma a gaban Alhaji Isa ɗan Baba Sanda. Kada ki saki salati tukuna, bari in ɗauko miki zancen daga tushe.

Kin tuna daminar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato? Mutane suna ta murna a bakin rediyo, mu kuwa muna gungunmu a tsakiyar ruwa, Baba yana kwance ciwo ya ci ƙarfinsa. Iska ta taso, kowa ya ja jirginsa ya ɗaure. Baba Sanda dillalin kifi ne kaɗai ya yarda ya sa nasa a ruwa, ya tsallako da mu Yelwa don a kai Baba asibiti. Baba bai tashi ba. Da aka share makoki ba mu da inda za mu koma, sai Baba Sanda ya nuna miki wani fili a bayan shagonsa ya ce ki kafa banda a nan ki riƙe 'ya'yanki.

A wannan filin na girma, Inna, ina kallon hannunki. Sauran mata su hura wuta ta tashi, kafin la'asar kifi ya yi baƙi sun kwashe. Ke kuwa kwana uku kike yi a kan banda ɗaya. Ki zaɓi itace ki ware mai ɗanyen ciki, ki wanke kifin sau biyu, ki bar shi ya tsane a inuwa, sannan ki sa masa wuta ƙasa-ƙasa kina juya shi ɗaya bayan ɗaya da yatsunki. In na gaji na ce a ƙara itace, sai ki harare ni da jajayen idanun nan naki ki ce, "Bar shi, Rabi. Kihi kika so ko gawayi?" Naki yakan fito ja-ja yana sheƙi, ya yi wata da watanni ko ƙwaro bai kusance shi ba.

Ranar kasuwa Baba Sanda zai zo, ku gaisa, a kwashe kifi, ya ajiye abin da ya ajiye a kan faifai. Ko kallon faifan ba kya yi. Ki ja gefen zane ki rufe, ki ce Allah shi sa albarka. Ban taɓa jin kin ce nawa ba, ban taɓa jin kin ce a ƙara ba.

Ina aji biyar na firamare na ga abin da ake yi da kifinki. Na leƙa shagon na tarar ana cika manyan kwanduna na motar Kudu. A zuba na kowa da kowa a ƙasa, ƙonanne da karyayye, in ya kusa cika sai a ɗauko naki a jera shi a sama, ɗaya kusa da ɗaya. Fuska suke kiran sa. Da fuskar ake sayar da kwando gaba ɗaya, ke kuma a biya ki daidai da mai ƙonanne. Na ruga gida ina haki na gaya miki, na ɗauka za ki yafa mayafi ki tafi ki tayar da ƙura. Ba ki ko ɗago kai ba, kika ce, "Na sani. Mutumen da yat tsallako da mu ruwa, da ubanki kwance cikin jirginai, shi za ni tsayawa ciniki da shi? Kak ki koma hwaɗin hakanga."

Ban koma faɗa ba. Na gaji hannunki, na gaji filin, na kuma gaji shirun. Bayan tarin da hayaƙi ya sa miki ya ɗauke ki, Baba Sanda ma ya bi bayanki ba da daɗewa ba, sai ɗansa Alhaji Isa ya ci gaba da zuwa. Ba mugu ba ne, Inna, kada ki ce na ɓata shi. Yana zuwa suna, yana zuwa gaisuwar mutuwa, ƙanwata yake ce mini. Abin da ya tarar ubansa na yi shi ya ci gaba da yi, ni ma abin da na tarar kina yi na ci gaba da yi. Har faifan ma bai canja ba.

Sai bara idanuna suka fara yi mini yaji da hazo, ga wani tari da ke tashe ni da asuba wanda na san muryarsa tun a ɗakinki. Likita ya duba ni ya ce hayaƙi ne, ko in rage zama a bakin banda ko in bari gaba ɗaya. To in na rage aiki rabi, abin faifan nan ba zai ci da gida ba, ga malam, mai gidana, ya tsufa, komar kamun kifi ma da ƙyar yake ja. Hanya biyu ce ta rage mini: ko kuɗin kifina ya tashi, ko in rushe bandarki in koma sayar da albasa a ƙofar gida. Na yi watanni ina juya maganar, kullum in ga Alhaji Isa sai bakina ya mutu.

Yanzu ga inda za ki yi mini dariya. Bayan tafiyarki an yi wata irin waya da ake sawa a jaka, ba igiya, fuskarta kamar madubi. Ana magana da ita, ana ganin mutum, har wasa ake yi a ciki. Da Ummi ta zo hutu daga makaranta ta ga na zauna ina tagumi, likita ya hana ni kusantar wuta na sati biyu, sai ta sa mini wani wasa don in rage zaman banza. Gem suke ce masa. A ciki an ba ni gona, an ba ni ɗan tafki, an ba ni rumfa a bakin hanya. In noma, in kama kifi, in sarrafa, in jera a rumfa. Masu saye kuma mutane ne na gaske, Inna, kowa yana garinsu da wayarsa, wasu ma ba a ƙasar nan suke ba. Kuɗin da ake ciniki da su na wasa ne, ko gishiri ba za su saya miki ba. Ni da na ce wannan shirmen yara ne, ga ni nan har ƙona miya na yi saboda shi.

Da na yi nisa a wasan sai aka buɗe mini murhun banda. Wallahi har da guɗa na yi. Ɗanyen kifi a wasan kowa na samu, jefa ƙugiya ne kawai. Na banda kuwa sai wanda ya daɗe yana wasa ake ba murhun, kuma in ka ɗora sai ka jira awoyi kafin ya yi. Da na zo jerawa a rumfa, sai aka nuno mini wurin sa kuɗi, daga na ƙasa har na sama, wai in zaɓa da kaina. Inna, ni kaɗai ce a ɗaki, ba mai ganina, amma yatsana ya ƙi matsawa sama. Kunya ta kama ni a gaban waya. Na sa mafi araha na ce Allah Ya sa albarka.

Nan da nan aka saye. Kullum mutum ɗaya ne, ba ya sa hotonsa, sai hoton wata kyanwa da tabarau. Ina jerawa yana kwashewa. Har na riƙa yi wa Ummi alfahari ina cewa na yi amintaccen mai saye, ko sallama ba ma yi amma ba ya wuce ni. Wata rana da hantsi na ce bari in kai masa ziyara in ga tasa rumfar. Me zan gani? Kifina, Inna, jere reras, ya sa masa kuɗin da ya fi kowane tsada, mutane suna ta rububi. Ko murhu ba shi da shi, ɗan banza. Zamansa kawai yake yana jiran wawiya ta gama aiki.

Na tashi tsaye ina faɗa. Na zagi kyanwar, na zagi tabaranta, na ce Allah Ya isa awoyina. Malam ya leƙo ya ɗauka wani abu ya sami yara. Ummi tana wanke-wanke tana dariya har da riƙe ciki, can sai ta tsagaita ta ce, "Mama, a kan kifin da ba a ci kike wannan faɗan? Na gaske fa, da ake yi miki haka kowace kasuwa?"

Na so in mare ta, sai na koma na zauna. Yarinyar nan sunanki gare ta, amma bakin ba naki ba ne.

Washegari na ɗora wani kifin a wasan, na rufe ido na tura kuɗin har sama. Na ce yau rumfata za ta yini ba kowa. Kafin azahar an saye tas, kuma cikin masu sayen har da gogan naki mai tabarau. Ashe tun can ya san abin da kayan ya kai, ni ce ban sani ba, ko kuma na sani na ƙi faɗa. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ce na yi rashin kunya.

Akwai wata mata a ƙungiyarmu ta cikin wasan, ban san garinsu ba, Ummi ke fassara mini rubutunta. Ta aiko ta ce ta gode da na gyara, wai tun da nake zubar da nawa da araha ba wanda ke kallon nata, kowa sai ya jira nawa. Wannan ta fi ta kyanwar yi mini ciwo. Na tuna maƙwabtanmu na bakin ruwa, yadda duk wadda ta nemi ƙari sai a ce mata, na Inna ma ga yadda aka saye shi, bare naki. Ashe shirunmu ba mu kaɗai ya danne ba. Ba mu taɓa nufin kowa da sharri ba, amma da mu aka riƙa rufe musu baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ƙarami ne. A wasan nan wurin kyauta daban, wurin sayarwa daban. In kana son ka ba wani abu, akwai inda za ka taɓa, ya tafi da sunanka, shi ma ya san kyauta ka yi masa. In sayarwa ce, ka sa kuɗi. Ba a haɗa su. Mu kuwa mun cakuɗa su shekara da shekaru. Ba mu ce ga kyauta ba balle a gode mana, ba mu kuma yi ciniki ba balle mu ga amfanin wahalarmu. Ni a zuciyata alheri nake rama wa gidan Baba Sanda, shi kuma Alhaji Isa a ganinsa saye yake yi kamar yadda ake saye a wurin kowa.

Ba laifinki nake gani ba, Inna, Allah Ya sani. Wanda ya ƙirƙiri wasan nan bai san daminar da iska ta taso ba, bai san mace da marayu huɗu a garin da ba ta da kowa ba. Ke kin ga Baba Sanda yana tuƙi yana kwarfar ruwa da ƙwarya, kin san kasadar da ya yi da ransa. Da ni ce a wurinki a wannan lokacin, da ni ma na rufe faifan da zane. Sai dai kin biya wannan alherin da idonki da ƙirjinki har kika koma ga Allah, ni kuma na ɗora daga inda kika tsaya ba tare da kowa ya ce in ɗora ba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya Alhaji Isa ya zo da safe kamar kullum. Muka gaisa, ya tambayi malam da yara, ya sa hannu a aljihu ya nufi faifai. Na riga shi na ɗauke faifan na kife. Na gaya masa abin da kifina ya kai, na kuma ce daga yau ba za a ƙara yin fuska da shi ba, kwandonsa daban, daga ƙasa har sama. Ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba. Ya ce, "Rabi, ke ta kuwa? Ko Inna ba ta taɓa yi muna hakanga ba. Wa yaz zuga ki?" Saura kaɗan in ce masa wata kyanwa ce mai tabarau. Na dai sunkuyar da kai na ce ba kowa, Yaya, idona ne ke ciwo.

Ya mayar da hannunsa aljihu ya juya ya tafi. Motar Kudu ta tashi ba kifinmu a ciki, karo na farko tun ranar da kika kafa bandar nan.

Kin san yadda dillalai suke, ba mai taɓa kayan da aka san na wani ne. Duk wanda na yi wa magana sai ya ce in je mu shirya da Alhaji tukuna. Kifi ya zauna mini a ɗaki, kullum sai na fito da shi na ɗan nuna masa wuta don kada ƙwari su shiga, hayaƙin da aka hana ni kuma ina shaƙa. A bakin ruwa aka ce Rabi ta yi girman kai, ta manta wanda ya tsallako da su. Wata tsohuwa har gida ta same ni ta ce ki ji tsoron Allah, uwarki ba haka take ba. Wannan maganar ta sa ni kuka, Inna, don na ji kamar na tozarta ki. Kasuwa ta biyu ta zo, Alhaji Isa ya wuce ta ƙofarmu ko waiwaye bai yi ba. Na ɗauki faifan na ce gobe zan je in ba shi haƙuri, malam ne ya ce in ƙara daurewa kaɗan.

Ana jibi kasuwa ta uku, da la'asar, sai na ji sallamarsa. Ya zauna a kan turmin nan naki da ya tsage, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya daɗe yana zancen ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya. Can ya nisa ya ce, "Rabi, kihinki na biyo. Can Kudu sun buɗe kwanduna sun tona har ƙasa, sun ce ina na Inna. In babu shi ba su saye da kuɗin da sunka saba."

Na ce na wa? Ya ce na Inna. Wai tun zamanin Baba Sanda, in an sauke kaya yakan ɗaga naki sama ya ce wanga na Inna ne, don a san ba irin sauran ba ne. Sunan ya bi kifin. Matan kasuwar can, waɗanda ba su jin Hausa ko ta sannu, in sun zo sai su ce a ba su na Inna. Da shi suke raba mai kyau da marar kyau. Wasu uwayensu ne suka fara saye, su suka gada, ba su san mace ba ce, sun ɗauka sunan wani irin kifi ne da ake kamawa a ruwan Yawuri.

Inna, sai na miƙe. Na shiga ɗaki na toshe bakina da mayafi. Ke da ko Kwantagora ba ki taɓa wucewa ba, ke da kike cewa ke ba kowa ba ce, mai hura wuta ce kawai, ashe sunanki na yawo a bakin mutane a garin da ba ki san hanyarsa ba. Ana ciniki da shi, ana rantsuwa da kyansa, kina nan kina tari a bayan shago ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya miki. Wannan ya fi kuɗin ci mini rai. Da ko sau ɗaya aka faɗa miki, na san da kin yi murmushin nan naki kin ce a bar zancen, amma da kin ji.

Na wanke fuska na fito muka yi ciniki, irin na gaske, ya taya na ce albarka, ya ƙara na rage. Ban samu duk abin da na nema ba, amma na samu abin da zai sa in rage zama a bakin wuta ba tare da na rushe bandarki ba. Kwandona kuma daban. Da muka gama na zaɓo ragon ruwa, kifi mafi girma a cikin kayan, na miƙa masa da hannu biyu na ce wannan ba na sayarwa ba ne, kyauta ce saboda Baba Sanda, kuma duk kasuwa akwai irinta muddin ina raye. Ya karɓa ya daɗe yana kallon sa. A karo na farko a rayuwata na ji ɗan gidan nan ya ce mini na gode.

In na saɓa miki, ki yafe mini, Inna. Ban manta wanda ya tsallako da mu ba, kuma ba zan bari jikokinki su manta ba. Ina so ne kawai in ga auren takwararki da idanuna biyu.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya idanun nan da hayaƙi ya cinye saboda mu. Allah Ya jiƙan Baba, Ya jiƙan Baba Sanda, Ya saka masa da alherin da ya yi mana a ranar da kowa ya ɗaure jirginsa. Abin da aka rage miki a duniya, wanda ba ki taɓa buɗe baki kin tambaya ba, Allah Ya cika miki shi a mizani, Ya kira ki da sunanki a gaban kowa. Amin.

Taki har kullum,
Rabi, ɗiyar Inna mai banda,
Yelwan Yawuri.